A Bar Wa Shamuwa Itacen Sheƙarta

A ƙasar Mayahi da ta Tasawa, kamar sauran karkarar jahar Maraɗi, manomi ba ya jiran a gaya masa damana ta kusa. In zafin bazara ya tsananta, iska ta fara juyowa daga kudu, sai a wayi gari a ga shamuwa bisa kuka ko tsamiyar tsakar gari tana jan ƙirare. Daga ranar nan ake ƙara himmar sharar gona, ana duba irin da ke cikin rumbu. Tun kaka da kakanni ba a kashe ta, kuma gidan da ta sauka ana ɗauka alheri ne ya sauka. To amma yabon baki ba ya rayar da ɗan tsuntsu. Abin da shamuwa ke bukata daga mutane shi ne itace a tsaye, da wata uku ba tare da an taɓa shi ba.

Ga yadda lissafin yake. Tana isowa tsakanin watan Afrilu da na Yuni, gwargwadon shekara. Takan yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu wajen kwana talatin. In ta ƙyanƙyashe, ƴaƴan sai sun yi kusan wata biyu cikin sheƙa kafin su iya tashi. Wannan lokaci kuwa ba a banza ya faɗo haka ba: ya dace da sa'ar da tabkuna suka cika da kwaɗi, ciyawa ta cika da tsutsa da fara, wato sa'ar da uwa za ta iya ƙosar da baki uku. Sheƙar da ta faɗi a watan Yuni da wuya a maida kamarta a shekarar, domin kafin sababbin ƴaƴa su yi fiffike, damana ta ja baya.

Bayan kaka sai ta tashi. A farkon shekarun 2000, wasu masana daga ƙasar Danmark sun ɗaura wa waɗansu shamuwoyin kudancin Nijar ƴar na'ura mai nuna inda suke, aka bi sawunsu har Tanzaniya, inda ruwa ke sauka lokacin da nan ake rani. Tsuntsuwar da ta yi wannan doguwar tafiya ta dawo, ba ta cancanci ta tarar da kututture a gurbin gidanta ba.

Akwai darasi a labarin wani tsuntsu, shaho mai kamun kifi, wanda tafiyarsa ta saɓa da ta shamuwa. Shi a Turai yake haihuwa. Yana komawa can wajen ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, ya yi ƴaƴa, ya taso a Agusta ko Satumba, ya ƙetare hamada ya yi rani a gaɓar tekun Sanagal da Gambiya da bakin kogin Kwara. Ba tsuntsun Mayahi ba ne, tun da Gulbin Kaba ba ya riƙe ruwan kifi. Iyakarsa ya wuce ta sama. A ƙasar Sikotilan, harbi da satar ƙwai sun sa ya daina haihuwa wajen shekarar 1916. Sai a 1954 aka ga ya dawo ya yi sheƙa. Mutanen wurin suka sa masu gadi dare da rana kusa da itace guda ɗaya, suna rubuta ranar zuwansa da ranar tafiyarsa kowace shekara. Yau sheƙunansa a ƙasar sun wuce ɗari biyu. Su sai da suka rasa suka san daraja. A nan kuwa shamuwa tana nan tukuna, kuma tsaronta ba ya cin ko dala.

Abin da ke damunta sananne ne. Watan Mayu da na Yuni su ne lokacin da harawa ta ƙare, bisashe suka rame, mai kiwo ya ɗauki gatari ya hau itace yana sare rassa. Ba wanda zai zargi mutumin da tunkiyarsa ke faɗuwa don yunwa. Akwai kuma maigidan da kashin tsuntsaye ya dame shi a tsakar gida, ya sa a sassabe itacen, da yara masu danƙo waɗanda ba a kwaɓa ba. Amma itatuwan da ke ɗauke da sheƙa ba su da yawa a gari, kowa ya san su. Barinsu daga Mayu zuwa Satumba ba zai kashe garken kowa ba.

Ladan kuwa a gona yake. Waɗanda suka ga farar 1986 da ta 2004 sun san abin da ƙwari ke yi wa hatsi. Shamuwa ba ta iya tare babbar farar hamada, wannan aikin hukuma ne. Amma ƙananan fari da ke ƙyanƙyashewa cikin ciyawa su bi hatsi yana madara, su ne abincinta, kuma in ƴaƴa sun tashi sai a ga garke guda yana bin gonaki yana tsinta daga safe har la'asar. Don haka ya kamata malaman gona, kafin su ba da izinin feshin magani, su duba ko akwai tabki ko sheƙa kusa, domin farar da ta sha guba ita ce uwa za ta kai wa ƴaƴanta.

Doka ba ta rasa ba. Akwai alkawarin da aka ɗauka a taron Maraɗi na 1984 kan yaƙi da hamada, akwai dokar farauta da kiyaye namun daji ta 1998, akwai dokar gandun daji ta 2004. Jahar nan ce kuma ta koya wa duniya sassaben zamani, inda manomi ke barin toho a gonarsa har ya zama itace. Abin da ya rage shi ne magadan gari na Mayahi, Kanembakashe, Isawan da sauran, tare da sarakuna da malaman daji, su sa a yi shela a kasuwanni tun watan Afrilu: itacen da ke da sheƙar shamuwa ba a hawansa da gatari sai ta tashi.

Waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci su ma ga aikinsu. Zuwan shamuwa ba izinin shuka ba ne. Wani lokaci takan riga ruwan kirki da makonni, kuma wanda ya yi gaggawa ya zuba iri kan yayyafin fari yakan sake saye. Tsofaffi suna riƙe da wannan sani a ka, amma ya kamata ya shiga takarda. A kowane gari a samu mutum ɗaya da littafi ɗaya, ya rubuta ranar da aka fara ganinta, yawan sheƙuna da itatuwan da suke kai, ranar ruwan shuka, da ranar da ta tashi. In kaka ta yi, mai gari ya sa hannu, a kai kwafi ofishin malamin gona na gunduma.