BUƊAƊƊIYAR MOTA A TURAI, RUFAFFIYAR HANYA A KURFI

Da zarar hunturu ya fara ja da baya, watan Maris ya kawo jiki, akwai wasu manya a ƙasar nan da barci ke ƙaurace wa idanunsu. Kada mai karatu ya zaci tunanin yadda talakawansu za su ƙare da zafin bazara ne ya dame su. Ina! Lissafin tafiya hutu suke yi, su da 'ya'yansu. An daina yayin zuwa Landan a kwanta a otal. Abin da ake ya yi yanzu shi ne a sauka Turai daidai lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, furanni suka fara tohowa, a ɗauki hayar motar tsere mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta a bar kai a waje, a yi ta sheƙa gudu a bakin teku ana ɗaukar hoto ana turo wa 'yan gida ta waya, wai su ga yadda ake shan iska.

Kuma fa shirin ba na wasa ba ne. Mutumin da bai taɓa zama na awa guda ya duba yadda za a gyara rijiyar burtsatsen ƙauyensu ba, sai ga shi ya zama gwanin tsari. Ya san cewa manyan hanyoyin da suka ratsa ƙololuwar duwatsun Alps, irin su Stelvio ta Italiya, a rufe suke saboda dusar ƙanƙara har wajen ƙarshen watan Mayu, don haka a farkon bazarar Turai sai dai a nufi kudu: gaɓar tekun Faransa daga Nis zuwa Monako, ko gaɓar Amalfi a kudancin Italiya, ko yankin Andalus na ƙasar Sifen. Ya san sai da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da inshora, da kuɗin ajiya da kamfanin haya zai riƙe. Har ma ya san cewa but ɗin irin wannan mota ƙarami ne, domin a nan rufin ke kwanciya idan an naɗe shi, saboda haka ba a tafiya da babban akwati. Ashe dai akwai basirar. Wurin da za a sa ta ne aka zaɓa.

Tun daga kuɗin neman biza ma an isa a yi kuka. A watan Yunin 2024 ƙasashen Turai masu bizar Shengen suka ɗaga kuɗin daga Yuro 80 zuwa Yuro 90, kuma ko an ba mutum ko an hana shi, kuɗin sun tafi ke nan. A canjin wannan shekarar, Yuro 90 ya kai kimanin albashin wata biyu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda shi ma sai a watan Yulin 2024 aka sa masa hannu bayan dogon ja-in-ja. Wannan kuɗin ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Ba a zo maganar tikitin jirgi ba, balle otal, balle hayar motar.

To, bari a ajiye bazarar Turawa a gefe, a dubi bazarar Dutsin-Ma da Kurfi. A nan watan Maris da Afrilu su ne lokacin da rana ke dukan ƙwaƙwalwa, rijiyoyi su ja baya, 'yan ga-ruwa su tsawwala, sanƙarau ya fara leƙo gidajen da mutum goma ke kwana a ɗaki guda. Rumbu ya fara sauka, damina kuwa da saura. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ma a cikin watan Maris ya faɗo, talaka ya kai shi da ƙishirwa, ya sha ruwa da abin da ya sawwaƙa.

Shi ma talakan yana da tasa buɗaɗɗiyar motar. Sunanta a-kori-kura. Ita ma ba ta da rufi, sai dai ba don shan iska aka cire shi ba. A bayanta ake loda mutum da akuya da buhun gero ranar kasuwa, tsoho na riƙe da ƙarfe, mai goyo na kāre jaririnta daga ƙura da gefen mayafi. Daga Birchi, daga Wurma, daga Tsauri, daga Karofi, haka ake shigowa. Kuma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ko wannan a-kori-kurar ta fi ƙarfin wasu. Sai a taka da ƙafa.

Wahalar hanya ma da sauƙi idan an tabbata za a isa. Mutanen wannan yanki ba su manta da ranar 18 ga Afrilun 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana suka kashe mutum 47. A watan Yunin wannan shekarar aka bi Hakimin 'Yantumaki har gida aka kashe shi. A watan Disamba aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Wata da watanni mai haƙuri ba shi da halin kiran ɗan'uwansa. A watan Oktoban 2023 aka shiga masaukin ɗalibai aka sace 'yan mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Abin ya kai ga a watan Agustan 2025 shugabannin al'ummar Kurfi suka zauna da masu ɗauke da bindigogin nan aka ƙulla sulhu, don manomi ya samu ya je gonarsa. Wato talaka sai da ya nemi iznin ɗan fashi kafin ya taka hanyar garinsu. A cikin wannan hali ne wani ke nazarin taswirar Monako!

Ga kuma Dam ɗin Zoɓe, a nan gefen Dutsin-Ma, kan kogin Karaɗuwa. An kammala shi tun 1983, zamanin Shagari. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha da aka jingina da shi. Shekara 38! Yaron da aka haifa shekarar da aka gama dam ɗin ya yi aure, ya aurar da ƙannensa, furfura ta fara leƙo masa, kafin a ce ga famfo. Mai shirya hutu yana kammala lissafin tafiyar mako biyu cikin 'yan kwanaki, ba ya kuskuren ko awa ɗaya ta tashin jirgi. Aikin ruwan talaka kuwa ya ci shekara kusan arba'in. Mai hankali ya auna da kansa.

Wannan ciwo yana da asali. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka dasa shi. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila a kan hanyarsa ta zuwa Hajji. A 1934 aka kai Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman can Ingilar. Nasara ya san abin da yake yi. So yake shugaba ya ga tituna da jirage da masana'antu, ya dawo da girman Bature a zuciyarsa. Sarakunan nan sun je sun dawo sun zauna cikin jama'arsu. 'Yan bokon da suka gaji mulki daga hannun Nasara su ne suka mai da abin addini, har ya zamana a wurinsu hutu bai cika hutu ba sai a Turai, magani sai a Turai, karatun 'ya'ya sai a Turai. Ƙasar haihuwa ta koma gona: a zo a girbe, a kai can a ci.

Wanda ke ganin ƙazafi ne, ya tuna da 2023. Ana cikin raɗaɗin janye tallafi aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci na alfarma, waɗanda jaridu suka ruwaito cewa kowace ta kai kimanin Naira miliyan 160. Mai albashin Naira 70,000, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 190 yana tarawa kafin ya sayi guda. A ƙarshen wannan shekarar sunayen 'yan Nijeriya 1,411 suka bayyana a jerin mahalarta taron sauyin yanayi na Dubai, gwamnati da bakinta ta ce ita ta ɗauki nauyin 422. Surutu ya yi yawa har a 2024 aka dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai da kuɗin gwamnati na wata uku. Wata uku kacal, sannan aka koma ruwa.

Za a ce, to ai kuɗinsa ne, ina ruwan wani? Za a ce hassada ce ta talaka. Wannan tsohuwar waƙa ce. Musulunci bai hana tafiya ba, bai kuma hana hawan abin hawa mai kyau ba. Hausawa matafiya ne tun fil azal. Fatake sun kai Gwanja neman goro, alhazai sun ratsa Chadi da Sudan da ƙafa, wasu su yi shekaru kafin su ga Ka'aba. Amma akwai tambayoyi uku da ba a tsallake su. Ta ina dukiyar ta fito? An fitar da haƙƙin Allah da na maƙwabci a cikinta? Me aka je nema? Idan mai tafiyar ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan siyasa, albashinsa sananne ne, a rubuce yake, kuma kowa ya san ba ya hayar motar tsere a Nis. Idan kuwa ɗan kasuwa ne da ya tara da guminsa, to halaccin dukiya bai halatta almubazzaranci ba, kuma Alƙur'ani ya haɗa masu almubazzaranci da shaiɗanu a zuri'a guda. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 ne suka mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Wanda ya ji wannan adadi, hannunsa bai yi rawa ba wajen biyan kuɗin motar shan iska, ya binciki zuciyarsa.

Ƙaruna ma da ya fito wa mutanensa cikin adonsa, akwai waɗanda suka yi ta haɗiyar miyau suna fatan ina ma su ne. Da ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, su ne suka fara godiya da ba a ba su ba. Na zamani ma ga misalinsu. A watan Satumban 2019 aka yi gwanjon motoci 25 a ƙasar Suwizalan, waɗanda hukuma ta ƙwace daga Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini. Wadda ta fi tsada a cikinsu buɗaɗɗiya ce, ƙirar Lamborghini, an sayar da ita sama da Dala miliyan 8. A 2012 kotun Landan ta yanke wa James Ibori, tsohon gwamnan Delta, ɗaurin shekara 13 kan dukiyar jama'a da ya kwashe. Turawan da ake kai wa kuɗin, su ne ke tona asirin in ranar ta zo. Su ci riba wajen saye, su kuma ci wajen gwanjo.

Abin takaici ma shi ne masu zaɓar Andalus. Za su bi ta Ƙurɗuba, su tsaya gaban babban masallacin da aka mai da coci tun 1236. Za su isa Garnaɗa, su ɗauki hoto a fadar Alhamra, wadda sarkin Musulmi na ƙarshe ya miƙa makullanta a 1492. Musulmi sun yi kusan shekara 800 a wannan ƙasa. Cikin abubuwan da suka ci su har da rarrabuwar kan sarakuna da gasar gina fadoji, maƙiyi na cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa don a ga ƙarshen waɗanda suka gabata. Su kuwa waɗannan sun je har inda wa'azin yake a gine da dutse, sun juya masa baya suna murmushi ga kyamara.

Magabata ba haka suka ɗauki abin hawa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana tsoron kada alfadari ya yi tuntuɓe a Iraƙi, Allah Ya tambaye shi dalilin da bai gyara masa hanya ba. Umar ɗan Abdul'aziz, ranar da aka naɗa shi halifa aka jawo masa dawakan sarauta, ya ƙi hawa, ya nemi dabbarsa ta da. A nan ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Kitabul Farƙ yana rarrabe mulkin adalci da mulkin masu cin dukiyar talakawa. Ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu, a 1807, da ya ga wasu 'yan jihadi sun fara karkata ga dawaki na ƙawa da manyan riguna, barin rundunar ya yi ya nufi gabas da niyyar Makka, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. Doki ne fa ya tayar masa da hankali. Ina ga ya ga Ferrari?

Saboda haka nauyi yana kan kowa. Malaman da ake kira su yi addu'ar Allah Ya kiyaye hanya idan Alhaji zai tashi, a sallame su da ambulan, su ji tsoron Allah su faɗa masa gaskiya, su tuna masa hanyar da ya bari a baya. Matasan da ke kwana suna yaba hotunan 'ya'yan manya a waya su farka, domin da kuɗin maganin asibitin garinsu ake sayen fetur ɗin motar. Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi kuma su riƙe lissafi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a ko neman a yi masa shaidar kirki, a tambaye shi inda yake a watan Maris, a tambaye shi yaushe rabon da ya bi hanyar 'Yantumaki ba tare da jiniya da 'yan sanda ba.

Shi kuwa mai shirin tafiya, ya sani akwai wata buɗaɗɗiyar mota da ke jiransa, wadda ba a neman biza kafin a hau ta. Kujerarta ɗaya ce, ba ta da inji, a kafaɗa ake ɗaukar ta, kuma mafi yawan masu ɗaukar su ne talakawan nan da ya bari cikin ƙura. Sunanta makara. Tafiyarta ba ta da tikitin dawowa, kuma a masaukin farko za a fara tambaya.

Allah Ya isar wa raunana, Ya kawo aminci a ƙasar Katsina da sauran ƙasashen Musulmi, Ya shiryi masu shiryuwa cikin shugabanni. Waɗanda suka ƙi kuwa, Shi ne Ya fi sanin yadda zai yi da su. Wassalam.