Fetur Mai Itanol: Hattara Da Man Jarka A Gadarif

Tun 2009 da kamfanin sukari na Kenana ya fara sarrafa itanol ake batun gauraya shi da fetur a Sudan. Habasha kuwa ta fara yi tun da jimawa. Yanzu da yaƙin 2023 ya durƙusar da matatar Jaili, wa ya san asalin man jarkar da muke saye tsakanin Gadarif da Gallabat?

Itanol na jan ruwa, yana cin tiyo da kafireton tsofaffin motocinmu. Akasarin ƙananan jiragen sama masu shan fetur ma an hana musu shi. Saboda haka kafin mu biya, mu zuba ruwa kaɗan a kwalba, mu sa alama, mu ƙara man, mu girgiza. Muddin ruwan ya haura alamar, akwai itanol.