Atamfofi Sun Cika Ɗaki: Kafin Ki Zuba Kafur, Tsaya Tukuna



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo kantinmu na magani tana neman kafur, har leda biyar. Tana goye da jariri, da ganinsa ko arba'in bai yi ba. Na tambaye ta me za ta yi da shi haka da yawa, sai ta yi dariya ta ce atamfofinta ne suka fi ƙarfinta. Tun daga lefe take tarawa, duk sabon zanen Super da ya fito sai ta ajiye turmi ɗaya ko da ba za ta ɗinka ba. Wadirob ya cika, akwatuna sun cika, ƙarƙashin gado babu masaka tsinke. Yanzu durowar kayan jaririn ta raba biyu, nata a ƙasa, nasa a sama.

Ba ta fita da kafur ɗin ba, kuma dalilin ne nake so in faɗa miki, uwargida.

Yawancin fararen ƙwallayen nan da muke kira kafur, sinadarin naftalin ne. Ba narkewa suke yi ba, iska suke bi a hankali, shi ya sa za ki ga suna ƙanƙancewa har su ɓace. Wannan tururin yana kama tufafi, jariri ya shaƙa, ya kuma ratsa ta fatarsa, musamman idan an shafa masa mai. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Gado ake yinsa, ya fi bayyana a 'ya'ya maza, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da yake da yawa. Irin wannan yaro lafiyarsa ƙalau, har sai ya haɗu da abu irin naftalin, sai ƙwayoyin jininsa su riƙa fashewa. Ido da fata su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, ya daina kama nono da ƙarfi. Shawara ce, kuma idan ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa ko ta bar yaro da kurumta. In kin ga haka, asibiti a ranar, ba shanya shi a hantsi ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kafur tun 2008. Mu kuwa har a durowar jarirai muke zuba shi.

Abin takaicin ma, ba shi ne maganin matsalarki ba. Asun da ake yin kafur dominsa ulu da siliki ya fi ci. Atamfa auduga ce. Babban abokin gabarta, musamman ga mu mazauna Legas, Ibadan ko Fatakwal, danshi ne: shi ke kawo fumfuna da wannan warin na akwati. Sai kyankyaso da sauran ƙwari, waɗanda sitati da zufa da maiƙon abinci ke jawowa. Don haka kar ki ajiye abin da aka sa ba a wanke ba, kuma kar ki sa wa kayan ajiya sitati.

To ina za a sa su? Fara da rabawa. Waɗanda kike sawa su zauna a wadirob. Turamen da ba a ɗinka ba su koma manyan robobi masu murfi mai kamawa sosai, irin waɗanda ake hango abin da ke ciki, don kar ki riƙa hargitsa biyar kafin ki sami ɗaya. Ki jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, amma a nesa da hannun yara. Robobin kar su zauna a kan siminti ko su jingina da bango, a ɗora su a kan katako. In za ki yi amfani da saman wadirob, marasa nauyi ne a sama, domin yaro mai rarrafe da ya fara miƙewa komai jawowa yake yi. Duk ranar da rana ta buɗe a tsakiyar damina, ki fito da su su sha iska.

Sannan ki duba da gaskiya. Ɗaki ciki da falo na haya ba zai ƙara faɗi don kin ƙara turmi ba. Ni ma mai son atamfa ce, ba zan ɓoye ba, amma na yanke wa kaina robobi uku. In sabuwa za ta shiga, wata za ta fita zuwa wajen ƙanwa ko maƙwabciya.

Idan kin riga kin zuba kafur, ki kwashe shi yau da leda a hannu, ki buɗe tagogi. Kayan jariri da suka zauna tare da shi, wanki ɗaya ba ya fitar da shi, don naftalin ba ya narkewa sosai a ruwa. A wanke da sabulu sau da yawa, a shanya a rana har warin ya tafi gaba ɗaya. In bai tafi ba, a haƙura da su. Kuma in yaro ya haɗiye shi a zaton alawa ce, kar a ba shi manja ko madara, domin maiƙo na ƙara saurin shigarsa jiki, kar kuma a sa shi amai. Ki ɗauki ledar kafur ɗin ku tafi asibiti da ita, ko da kin ga yana wasansa, don alamun kan ɗauki kwana ɗaya ko fiye kafin su fito.