Hoton bayanai ba ajiya ba ne: hattara kafin a kwashe takardun Zamfara zuwa kwamfuta

Albashin malamin firamare a Gummi da katin maras lafiya a asibitin Anka duk sun kama hanyar barin takarda zuwa babbar kwamfutar da ake kira saba. Abin farin ciki ne. Sai dai akwai wata dabara da masu kula da waɗannan na'urori ke dogaro da ita fiye da kima, wadda ake kira snapshot, wato ɗaukar hoton bayanai a wani lokaci domin a iya komawa gare shi idan an samu matsala.

Hoton ba ya kwafe komai gaba ɗaya. Abin da yake yi shi ne riƙe lissafin duk abin da ya sauya bayan an ɗauke shi. Idan aka manta da shi, lissafin ya yi ta ƙaruwa kullum, yana cinye wurin ajiya, yana ɗora wa ƙwaƙwalwar na'urar nauyi, har saba ta fara jan ƙafa. Ranar da aka zo gogewa kuma, haɗe sauye-sauyen na iya tsayar da aiki na ɗan lokaci. Shi ya sa kamfanin VMware da kansa ya shawarci kada hoto ya wuce awa 72.

Babban haɗarin shi ne hoton yana zaune a na'ura ɗaya da ainihin bayanan. In ta ƙone ko ruwa ya cinye ta, duka sun tafi tare. A Satumbar 2025 gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, aka yi asarar kusan terabait 858 na takardun ma'aikata saboda ba a ajiye kwafinsu a wani wuri ba.

Mutanen Gummi sun ga ambaliyar 2024. Anka da Bukkuyum kuwa sun rasa yara sama da 400 a gubar dalma ta 2010, kuma bibiyar lafiyar waɗanda suka rayu na buƙatar bayanan shekaru masu yawa.

Don haka kafin shugaban ƙaramar hukuma ko na asibiti ya sa hannu a kwangilar kwamfuta, ya tambayi ɗan kwangila: ina cikakken kwafin yake, a wane gari, kuma yaushe aka gwada dawo da shi? In amsar ita ce "muna da snapshot", to kada a biya.