Kafin ka tura kuɗin rushe zauren gidanku

Duk wanda ke bi ta titin Constitution Avenue a Washinton zai ga wasu ƙananan ɗakuna biyu na dutse, ɗaya a mahaɗar titi na 15, ɗaya a na 17. Ɗakunan masu gadin ƙofar Majalisar Dokokin Amurka ne, waɗanda Charles Bulfinch ya zana wajajen 1828. Da aka sake fasalin harabar majalisar, babu wanda ya ce tsofaffin kaya ne a zubar. Ɗauke su aka yi, aka sake kafa su a inda suke yanzu. A nan kusa da mu a Riverdale Park ma, gidan gona na Riversdale da aka fara ginawa a 1801 yana nan tsaye, ko da yake gonar ta zama unguwa.

Mu fa? Da zarar dala ta ɗan taru, saƙon farko zuwa gida shi ne: a rushe zaure, a sa get na ƙarfe, mota ta samu wurin kwana.

Jama'a, zaure ya fi ɗakin maigadi aiki nesa ba kusa ba. Nan baƙo ke sallama ya tsaya, ba tare da idonsa ya kai cikin gida ba, domin ƙofar ciki ba ta fuskantar ta waje. Nan ake ɗaurin aure, a raɗa suna, a karɓi gaisuwar rasuwa, yara su yi karatun allo. Kaurin bangon tubali na riƙe sanyi a tsakiyar bazara, ko da wuta ko babu. Azara da bakan gizo ke ɗauke da rufin, irin fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya.

Masu cewa ginin ƙasa na cin kuɗin yaɓe duk shekara, kuma indararo na toshewa da damina, gaskiyarsu ne. Amma kuɗin yaɓe da makuba bai kai na get da filasta ba, kuma magina na nan a Kano da Zariya suna neman aiki. A fasa wa mota ƙofa ta gefe mana.

Kafin ka tura kuɗin, kira Baba ko Yaya ka tambaya: in an rushe, a ina za a zauna ranar suna?