Zinaren Yauri da Kifin Kainji

A watan Yulin 2020 an kai wa Shugaba Muhammadu Buhari curin zinare mai nauyin kilo 12.5, Babban Bankin Najeriya ya biya naira miliyan 268. A ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na ƙananan masu haƙar zinare, PAGMI, aka tara shi, shirin da ya sa Jihar Kebbi cikin wuraren gwajinsa, har aka yi rajistar masu haƙa a Yauri. Ba mu ƙi wannan ba. Duk wanda ya ga samarin Yauri da Ngaski da Shanga suna sayen babur, suna aure da kuɗin rami, ya san ba a hana mai yunwa tuwo da wa'azi.

Damuwarmu zaiba ce. Bayan an niƙa dutse an wanke, da ita ake kama ƙwayoyin zinare, sannan a ɗora a wuta ta tashi ta bar zinaren. Tururin yana shiga huhun mai ƙonawa da na yaron da ke tsaye yana kallo. Wadda ta saura a cikin laka kuwa, ruwan damina ne ke kwashe ta zuwa rafuka, rafukan yankin kuma tafkin Kainji suka nufa. A taɓon ƙarƙashin ruwa takan rikiɗa ta zama guba mafi muni. Ƙananan kifaye su ɗauka, manya su haɗiye ƙanana, har ta taru a jikin giwan ruwa, kifin da ya fi daraja a kasuwar Yauri. Banda ba ta fitar da ita, suya ma haka. Mutanen Minamata a ƙasar Japan ta kifi suka ci tasu, aka gano cutar a 1956. Sunan garin aka raɗa wa yarjejeniyar rage amfani da zaiba, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu.

Ba sai mun je Japan ba ma. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta. A 2015 ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gabas da kudu da Kebbi duk an yi zaman makoki.

Kuma mutanen bakin tafkin nan sun taɓa biya wa ƙasa kuɗin ci gaba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000, tsibiran Gungawa da fadamun albasarsu suka nutse domin Legas da Kaduna su ga haske. Abin da aka bar musu shi ne kifi. Idan shi ma ya gurɓace, me Basarke masunci zai kai kasuwa?

Cibiyar binciken kifi tana nan New Bussa, hukumar HYPPADEC kuma domin irin waɗannan al'ummomi aka kafa ta. Muna kira ga gwamnatin Kebbi ta haɗa su, a riƙa auna ruwa da laka da kifi daga Yauri zuwa Wara kowace shekara, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo. A gwada jinin yaran da ke zaune kusa da injinan niƙa. Masarautar Yauri ta umarci hakimai da dagatai su fitar da niƙa da ƙona zinare daga cikin gidaje. Tukunyar ƙarfe mai rufi da ke tare tururin zaiba ta mayar da ita ruwa, maƙerin gari ma zai iya ƙera ta. A sa ta cikin sharuɗɗan rajista, duk ramin da ba shi da ita kada a sayi zinarensa.