Tsohon Kuɗi Ma Littafin Tarihi Ne

A hutun da ya wuce na kai ziyara gida Cheberu, can a ƙasar Gwandu, inda kakata ta sa ni kwashe kayan ɗakinta don a yi yaɓe. A ƙarƙashin gado na ci karo da wata tsohuwar kwalla, a cikinta akwai wuri kamar cikin tafi, da anini huɗu masu huda a tsakiya, da sule biyu. Da na tambaye ta ina liyarin azurfa da na san tana da shi tun ina yaro, sai ta ce ai tuni an kai wa maƙeri ya narkar, an yi wa amarya zobba. Wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina an narkar da shafi guda na tarihinmu, ba wanda ya ce uffan.

A ƙasashen Turai akwai mutanen da suka mai da tara tsofaffin kuɗin Rumawa abin sha'awarsu, musamman masu ɗauke da hotunan tatsuniyoyin mutanen da. A jikin wani za a ga Janus mai fuska biyu, a jikin wani kuma kyarkeciya tana shayar da tagwayen nan Romulus da Remus, waɗanda Rumawa ke cewa su suka kafa birninsu. Mai karatu yana iya cewa, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu kuwa. Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Rumawa suka fara buga kuɗin azurfa mai suna denarius. Daga wannan suna Larabawa suka sami dinar, mu kuma muka sami dinari, har ma da zinariya. Wato duk macen da ta ce ɗankunnenta na zinariya ne, ta ambaci kuɗin Rum ba ta sani ba.

Na san akwai masu cewa ajiye kuɗi mai hoton abin bautar maguzawan Rum bai dace da Musulmi ba. Wannan ƙorafi ba abin rainawa ba ne, kuma malamai su ne masu fatawa a kai. Amma ya kamata a tuna cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) da dinarin Rum da dirhamin Farisa ake ciniki a Makka da Madina, alhali suna ɗauke da hotunan sarakunansu. Sai a zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wajen shekara ta 77 bayan Hijira, aka buga dinari mai rubutu zalla. Har yau kuwa da dinari 20 da dirhami 200 ake lissafin nisabin zakka. Ɗalibin da ya riƙe tsohon kuɗi don ya karanta abin da ke jikinsa, ilmi yake nema, kamar mai duba kufan Surame don sanin zamanin Kanta.

To, mu da ba mu gaji kuɗin Rum ba, me za mu tara? Abin tarawa yana nan jibge a ɗakunan kakanninmu. Da farko akwai wuri, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi kanta. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka riƙa kawo shi har ya iso kasuwanni irin su Jega. Baturen nan Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853, ya tarar a Kano ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Shi kuma liyarin, mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, an daɗe ana buga shi da shekara guda a jikinsa, wato 1780, saboda fatake ba su yarda da wanda ya saɓa wa wanda suka saba gani ba.

Da Turawa suka ci ƙasa, sai suka fito da anini da kwabo a 1907, da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jiki. Mai lura zai gane cewa Nasara ya san ba za a karɓi kuɗinsa ba sai ya yi magana da harufan da talakawa suka iya karantawa. Bayan haka, a ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo. Tsabar kwabo 25 ta wancan lokaci tana ɗauke da dalar gyaɗa, kwabo ɗaya kuwa rijiyoyin mai. Idan Rumawa sun zana tatsuniyoyinsu a jikin kuɗi, mu mun zana abin da muke tutiya da shi. Yau dalar gyaɗar babu ita a Kano, sai a jikin wannan ɗan ƙarfe da muke zubarwa.

Abin da ya fi shafar Sashen Hausa shi ne harshe. Yaro a yau yana cewa ba shi da ko anini, ko ko sisin kwabo, amma bai taɓa ganin ɗayansu ba. Wa zai gaya masa cewa anini goma ne kwabo, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, goma sha biyu kuma sule? Wa zai bayyana masa cewa an kira rabin kwabo ɗari ne saboda darajarsa wuri ɗari ce? Karin magana da waƙoƙin makaɗa cike suke da waɗannan kalmomi, kuma ranar da abin ya ɓace, fassarar kalmar za ta zama shaci-faɗi.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, kowane ɗalibi idan ya je hutu ya roƙi tsofaffin gidansu su nuna masa abin da suka ajiye, ya rubuta sunansa, da darajarsa, da abin da ake saye da shi a wancan zamani, daga bakin mai shi. Ta biyu, Ƙungiyar Hausa ta tanadi akwatin gilashi a sashe, a jera abin da aka samu, da sunan garin da ya fito. Ta uku, kada a goge tsabar da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, domin gugar tana cinye rubutun da ake nema.

Ba na zargin kakata, don ba wanda ya taɓa gaya mata cewa liyarinta ya fi nauyin azurfarsa daraja. Laifin namu ne da muka yi karatu muka yi shiru. Anini huɗun nan dai ta ba ni, suna nan a hannuna, kuma su ne gudummawata ta farko ranar da aka kafa akwatin.